Maigidana zai sayar da gida mu koma ƙauye, wai ƙasa ta kusa rushewa

Anti, assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 17 da aure, 'ya'yanmu 5. Maigidana walda yake yi, yana da shago da yara 3 a ƙarƙashinsa, ni kuma ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida. Tun duhun ɗaukewar wutar lantarki da aka yi a 2024, da ya yi kwana da kwanaki bai liƙa ko ƙarfe ɗaya ba, mutumin nan ya canza. Kullum yana kan waya yana sauraron masu cewa ƙasar nan ta kusa rushewa, naira za ta zama takarda, mai zai ƙare, mutane za su riƙa fasa gidajen juna saboda abinci. Ba ya barci, ya rame. Yanzu ya tara jarka 6 na fetur a sito kusa da kicin. Ya ce zai sayar da gidan da muke ciki ya sayi dala da hatsi, mu koma gonar gadonsu a wajen Dukku, babban ɗanmu da ke aji 5 na sakandare kuma ya bar makaranta ya kama noma, wai boko ba zai yi amfani a abin da ke tafe ba. Har dillali ya zo ya ga gidan. In na yi magana sai ya ce ban san abin da duniya ke ciki ba, wata rana zan gode masa. Abin da ya fi ba ni tsoro, Anti, wani lokacin in na je kasuwa na dawo sai in ji kamar gaskiya yake faɗa. In bi shi ne, ko in kai ƙara wurin manya?

Uwar biyar, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin mu taɓa kowace magana, ina so fetur ɗin nan ya bar gidanki yau. Sauran batutuwan za su iya jiran mako guda, wannan ba zai jira ba. Fetur ba sai harshen wuta ya taɓa jarka yake kamawa ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana silalowa ta bakin jarka ya kwanta a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har ya iske garwashi ko risho, ko tartsatsin da soket kan yi in an kawo wuta. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, da ake kaiwa maki 40, jarkar roba har kumbura take yi. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024 mutum sama da 150 suka rasu. Naki jarka 6 ne, kusan lita 150 in masu cin 25 ne, kuma yara 5 na kwana a bayan bangon. Ko ta lissafin da shi yake yi ma babu riba, domin fetur in ya yi watanni a ajiye lalacewa yake yi ya toshe inji, lita 150 kuwa injin walda zai shanye ta cikin 'yan makonni. Kada kuma a ce a mayar da shi shago, inda tartsatsi ke tashi yini guda. Ya sayar wa 'yan acaɓa ko 'yan bumburutu, ya bar jarka ɗaya ta aiki a inuwa, a fili, nesa da wuta. Ki roƙe shi da girman Allah. In ya ƙi, ki kai yaran su kwana gidan kakarsu har a fitar, ki kuma faɗa wa Hajiyar dalili. Babu malamin da zai kira wannan rashin biyayya.

To, mu dawo kan mutumin. Mijinki ba zautuwa ya yi ba, kuma kada ki bari kowa a dangi ya fara wannan raɗa. Ki duba abin da ya bi ta kansa cikin shekara biyu kacal. Farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane. Ranar 29 ga Mayun wannan shekara shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta tsallake 1,500. Hukumar ƙididdiga da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ana cikin haka ɓarayi suka karya turakun layin wutar Jos zuwa Gombe a watan Afrilu, aka yi makonni a duhu. A Oktoba kuma, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, sai wanda ke taso wa daga kudu ta Binuwai shi ma ya faɗi, kusan Arewa gaba ɗaya ta yi sama da mako babu wuta. Ma'aikacin ofis ya sha zafi ne kawai a wannan duhu. Mai walda kuwa abincinsa aka ɗauke, yana zaune yana kallon yaran shagonsa suna kallonsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ke ma da kika ce kina dawowa daga kasuwa ki ji kamar gaskiya yake faɗa, ai gaskiyar ce kika gani a cikin ledar cefanenki.

Yana da gaskiya kuma cewa matsalar wuta ba ta gobe ba ce. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Tashar Dadin Kowa da ke nan kusa da ku megawat 40 ce. Mu a wannan yanki muna can ƙarshen dogon layi, duk wanda ya kwance ƙarfen turke a daji mu ne za mu kwana a duhu. Duk wanda ya ce masa ya kwantar da hankali komai ya kusa gyaruwa bai kyauta masa ba, kuma ni ba zan faɗa miki haka ba.

Inda na rabu da shi shi ne siffar abin da yake tsoro. A ransa akwai wata rana guda da za a wayi gari babu gwamnati, babu kasuwa, babu kuɗi, kowa ya kulle ƙofa da buhunansa. Duk shirin da yake yi na wannan ranar ne. Amma ki duba ƙasashen da tattalin arzikinsu ya durƙushe da gaske a zamaninmu. A Lebanon, daga 2019, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, kuɗinsu da ake canzawa 1,500 a dala ya koma kusan 90,000, wutar gwamnati ta koma awa ɗaya ko biyu a yini. A Siri Lanka a 2022 an yi kwanaki a layin mai, har jama'a suka shiga fadar shugaban ƙasa ya tsere. Zimbabuwe ta kai ga buga takardar kuɗi guda ta tiriliyan 100 kafin ta haƙura da kuɗinta a 2009. An sha wuya matuƙa a waɗannan wurare, an yi asarar dukiya, marasa lafiya sun rasa magani. Duk da haka gari na wayewa ana buɗe kasuwa, ana biyan haya, ana haihuwa, ana neman mai gyaran ƙofa. Wahalar ta zo ne kamar zaizayar ƙasa da kuka sani a Gombe, kwari yana cin gefen unguwa damina bayan damina. Wanda ya fi shan wuya a irin wannan hali shi ne mai haya, da mai bashi, da wanda dukiyarsa duka takardar kuɗi ce. Wanda ke zaune a gidan kansa da sana'a a hannu shi ya fi kowa tsayuwa. Wato mijinki, yadda yake a yau, kafin dillali ya sake dawowa.

Akwai kuma rushewa ta biyu, irin ta yaƙi, wadda Sudan ta faɗa tun Afrilun 2023. Wannan ba sai an ba mu labarinta daga nesa ba. A 2014 Gwoza ta faɗi a hannun Boko Haram, Mubi ta faɗi, har Ashaka da Bajoga aka shiga. Kina Gombe lokacin, kin ga motocin da suka riƙa shigowa. Ni a gidana iyali biyu suka sauka, ɗaya daga cikin magidantan ya bar shago cike da kaya da rumbu biyu na masara, ya iso da rigar jikinsa da takalmin roba. Bai taho da buhu ko ɗaya ba, ba ya kuma yiwuwa ya taho da shi. Abin da ya cece shi lambar wayar ɗan ƙanwar mahaifiyarsa ce da ya haddace, da sana'ar ɗinki da ke hannunsa, wadda ya kama a bakin wani shago kafin wata ya zagayo. Na daɗe ina tunanin wannan. In abin ya zo a hankali, gida da sana'a ke riƙe mutum. In ya zo da gudu, jama'arsa da abin da ya iya ke riƙe shi. Shirin maigidanki kuwa zai rabu da gidan, ya rufe sana'ar, ya nisanta ku da maƙwabtan shekara 17, ya cire yaro daga karatu. Duk abin da zai cece ku a kowanne hali shi ne yake shirin sayarwa.

Maganar gida ita ce ba ta da gyara in an yi kuskure, don haka a kanta za ki tsaya da ƙafafunki. Ranar da aka ƙirga masa kuɗin, ya mayar da bulo da kwano zuwa nairar da shi da bakinsa yake cewa za ta zama takarda. A shekarar da farashi ya hau da kashi 34, miliyan ɗaya da aka ajiye tana rasa kusan rubu'in ƙarfinta ba tare da an taɓa ko sisi ba. Siminti da rodi kuwa sun ninka tun 2023, shi ya fi ni sanin farashin ƙarfe. Gidan da ya sayar ba zai iya sake gina irinsa da wannan kuɗin ba. Dala ma ba mafaka ba ce yadda ake zuzutawa. A Fabrairun 2024 an saye ta wajen naira 1,900 a kasuwar bayan fage saboda tsoro, kafin Afrilu ya ƙare ta sauko kusa da 1,100. Waɗanda suka sayar da fili suka saya a sama, suka kuma matsu suka sayar a ƙasa, ba su shiga waya sun ba da labari ba. Mai manyan kuɗi zai iya jira, mai 'ya'ya 5 da ke cin abin da ya canza ba zai iya ba.

Ban raina ƙauye ba, daga can muka fito, kuma gonar gado ni'ima ce da mutane da yawa a birni ke kwana suna fata. Amma ƙauyen da ke cikin ransa, wanda bai san fetur ba, ya daɗe da tafiya. Takin zamani na yuriya da iskar gas ake yin sa, farashinsa na bin na makamashi. Maganin feshi daga waje yake zuwa, da dala. Injin casa da na niƙa mai suke sha, motar da za ta kai buhu kasuwa ma haka. Ƙasar Dukku kowa ya san wahalar ruwanta da rani. In yaro ya kwana da zazzaɓi mai zafi, babur ɗin da zai kai shi asibiti shi ma fetur ne. Mutumin da ya yi shekara 20 yana riƙe da ƙarfe kuma, jikinsa da idonsa sun manta da abubuwa da yawa na noma, damina ɗaya mai fari ko mai ambaliya ta isa ta cinye kuɗin gidan. Kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago.

Ga abin da nake so ki kai masa a maimakon a'a. Ya noma gonar bana, yana zaune a Gombe. Dukku ba nisa ba ce. Ya haɗa kai da wani ɗan'uwa da ke can, shi ya sa iri da taki, su yi yarjejeniyar rabo a gaban shaidu, ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako, da hutu ya tafi da manyan yaran su koyi riƙon fartanya. Ya shuka gero da dawa da wake, waɗanda ba su da kwaɗayin taki kamar masara. Ya rubuta duk abin da ya kashe a littafi. In kaka ta yi, a ƙirga buhu a ƙirga kuɗi. Lissafin da ya yi da hannunsa zai faɗa masa abin da in ke kika faɗa ba zai ji ba. In kuma gonar ta yi albarka, kun samu abincin shekara kuma gidanku na nan.

Ajiye hatsi kuwa ina tare da shi, in dai na bakin iyali ne. Kakanninmu ba su taɓa zama babu rumbu ba, sun ga yunwar Kakalaba ta wajen 1914, sun ga farin 1973, kuma damin gero da zangarniyarsa suke jerawa don ya daɗe, irin dabarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar. Ya tabbata kuma Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Mu 'yan birni ne muka koma awon mudu kullum, shi ya sa kowace girgizar kasuwa take iske mu a tukunya. Ki ƙirga mudu nawa gidanki ke ci a mako, ki ninka na wata 3 zuwa 6, ku saya da kaka a kasuwar Tudun Hatsi lokacin da kaya ya yi sauƙi. A tabbata ya bushe sarai, a ɗora kan katako kada ya taɓa ƙasa. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari na mutuwa da kansu don rashin iska, ba sai an barbaɗa maganin da ke kai mutane asibiti ba. Jarkar roba mai tsabta mai murfi ma tana yi, amma ba wadda aka taɓa zuba fetur ba.

Sayen hatsi da kuɗin gida don a jira tsada kuwa wani abu ne daban. Addini ya yi hani da ɓoye abinci lokacin da jama'a ke buƙata, kasuwa ma ba ta da amana: waɗanda suka cika sito a 2024 suna jiran farashi ya ƙara hawa sun ga yadda ya karye a 2025. Sannan ki yi masa wannan tambayar a hankali, wata rana da dare in yara sun yi barci. A ce ranar da yake tsoro ta zo, unguwa na kwana da yunwa, ku kuna da buhu 50 a ɗaki. Zai iya cin tuwo yana jin kukan 'ya'yan maƙwabcinsa ta katanga? Na san amsar, ke ma kin sani, mutumin da ya kasa barci don tunanin iyalinsa ba mai bushewar zuciya ba ne. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ni na ga irin wannan da idona. A 1984 mun bi layin sabulu da madara da shinkafa, wadda ta samu takan ɗebar wa wadda ba ta samu ba. Zamanin Abacha da kananzir ya ɓace, murhun garin katako gida guda ke koya wa gida goma. Unguwar da aka san juna ba a kwana da yunwa a cikinta a ɓoye. Don haka kuɗin da zai zuba a buhu na 20, gara ya zuba shi a asusun masallacin unguwa, ko adashen 'yan sana'arsu, ko gyaran rijiyar burtsatsen da kowa ke sha. Wannan ma tanadi ne, kuma ɓera ba ya cin sa.

Yaron nan ya gama makarantarsa. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni. Ya je shago bayan an tashi, ya je gona da hutu, babu wanda ya hana a haɗa. Duk yadda ƙasa ta koma, ana neman wanda ya iya karanta takardar magani, ya yi lissafin waya da batir, ya rubuta yarjejeniya. A kan wannan kada ki sassauta ko kaɗan.

Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarki shi ne mijinki bai ga cewa sana'arsa na cikin waɗanda tsanani ke ciyarwa ba. In mutane sun kasa sayen sabo, mai gyara ke ci. Kurar 'yan ga-ruwa, baro, garmar shanu, ƙofar da ta ɓalle, ƙafar tankin ruwa, murhun gawayi mai tsimi da mata ke nema tun da gas ɗin girki ya yi tsada, ga kuma ƙarafan da ake ɗora farantan sola a kai, waɗanda yanzu kowane masallaci da shagon caji da mai noman rani ke buƙata. Matsalarsa wuta ce, ita ya kamata ya zauna ya yi wa lissafi, ba rushewar duniya ba. Ƙananan injinan walda na zamani ba su kai tsofaffin nan masu nauyi cin wuta ba. Masu sana'a uku ko huɗu a layi guda za su iya haɗa kuɗi su riƙe inji ɗaya mai ƙarfi, su tsara awannin aiki, maimakon kowa ya riƙa ƙona mai shi kaɗai. Ya riƙa tara yanka da awo da rana, in wuta ta zo a liƙa gaba ɗaya. Ya san waɗannan fiye da ni, tsoro ne ya rufe masa ido.

Ke ma kina da naki. Farantin sola ya yi araha ƙwarai a kan yadda yake shekara 10 da suka wuce, batir ne mai tsadar. Ke kuwa sana'arki ba ta buƙatar batir mai yawa, domin akwai firiza mai aiki da sola, rana na dukan faranti tana daskarar da ruwa, ƙanƙarar da kanta ke riƙe sanyi har safe in ba a yawan buɗewa. Ki tambayi masu haɗa sola biyu ko uku farashi, ki nemi wata da ta riga ta saka ki ga yadda take aiki, ki sa kwasar adashenki ta gaba a kai. A ranar da gari ke duhu ne ƙanƙara ke tsada, kin fi kowa sani. Kuɗinki kuma ki riƙe su a hannunki, in akwai guminki a ginin gidan nan ki faɗa a gaban manya ba tare da kunya ba.

Yanzu tambayarki: ki bi shi ko ki kai ƙara. Kada ki fara da ƙara. Namijin da ke jin ya gaza ciyar da gidansa, in aka tara masa manya aka ce matarsa ta kawo shi, zai ji an tsiraita shi, kuma zai iya sayar da gidan don kawai ya nuna shi ne maigida. Ki fara da abin da bai taɓa ji daga bakinki ba tun da aka shiga wannan hali. Ki ce masa, Baban yara, na san don mu kake wannan tunanin, kuma ni ma ina jin tsoro. Ki bar shi ya yi magana har ya gaji, kada ki katse shi. Sannan ki roƙi abu ɗaya tak: a dakatar da maganar dillali har a ga kakar bana. Ba ki ce kada a sayar ba, kin ce a jira. Ki kawo maganar noma da ta hatsi da ta sola a matsayin shirin da kuke yi tare, domin mutumin da tsoro ya kama yana buƙatar aikin da zai sa hannunsa, in aka ce masa kawai ya daina tunani ba zai iya ba.

In ya ƙi jira, ko kika ji an fara maganar kafin alƙalami, to a ranar ki je wurin Hajiyarsa ko yayansa, wanda dai kika san yana jin nauyinsa. Ki ce shawara kika zo nema. Gida nasa ne a shari'a, amma matsugunin 'ya'ya 5 ba abin da za a yi shiru a kai ba ne, kuma manya sun san yadda ake cewa mutum ya dakata ba tare da an karya shi ba. Ku yi istihara ku biyu. Limamin unguwa ma zai iya tuna masa cewa wanda ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, shi ne kuma ya ce in alƙiyama ta tsaya alhali akwai dashen dabino a hannun mutum, to ya dasa shi.

Wayar nan kuma tana cikin ciwon. Masu yawancin bidiyon nan da yawan kallo suke samun kuɗi, kuma babu abin da ke riƙe ido kamar tsoro. Wanda ya saurari ɗaya, manhajar za ta jero masa goma irinsa, har ya ɗauka duniya duka maganar da take yi ke nan. Wasunsu in ka bi su zuwa ƙarshe akwai abin da suke tallatawa, fili ko kuɗin intanet ko wata hanyar ninka jari. Mun ga tsare-tsaren damfara na ninka kuɗi, MMM a 2016 da CBEX a 2025, dukkansu mutanen da ke tsoron nairarsu za ta narke suka fi kwashewa. Kada ki ƙwace masa waya, kada ki yi masa gori. Ki roƙe shi ku yi alkawari ku biyu, bayan isha'i wayoyi su kwana a falo. Labarai ya saurara a rediyo sau ɗaya da safe, sun isa.

Rashin barci da ramar nan su ne suka fi tsaya mini a rai. Damuwa in ta yi watanni tana zama ciwo kamar kowane ciwo, tana hana mutum auna abu daidai, kuma tana da magani. Mazanmu ba sa yarda a ce musu su je ganin likitan ƙwaƙwalwa, don haka ki bi ta ƙofar da zai shiga: ki ce ramar ta dame ki, ku je a auna jininsa da sukari. In kun shiga, ki faɗa wa likita a gabansa cewa ya yi watanni ba ya barci, da abin da ke hana shi. In kuma kika taɓa jin ya ce mutuwa ta fi masa, ko ya ce ku za ku fi samun sauƙi in ba ya nan, kada ki ɗauke ta maganar gajiya, a daren ki kira yayansa, da safe a tafi asibiti.

Ke ma ki samu wadda za ki riƙa faɗa wa cikinki, 'yar'uwa ko aminiya mai riƙe sirri, don kin daɗe kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Allah Ya kwantar masa da hankali, Ya rufa muku asiri, Ya sa albarka a gonar. Ki rubuto mini bayan kaka. Ina so in ji buhu nawa Dukku ta bayar, da kuma ko ya fara barci.